Szoboszlai: Tauraron da Hungary ta daɗe tana jira

A birnin Liverpool, Dominik Szoboszlai ɗaya ne daga cikin fitattun 'yan wasan tsakiya, kuma a kakar 2024-25 da ƙungiyar ta lashe gasar Firimiya, sunan Mohamed Salah ne ya fi fita a bakin jama'a. A Hungary kuwa, shi ne fuskar ƙwallon ƙafar ƙasar baki ɗaya. Tarihin ƙasar ne ya haifar da wannan bambanci.

Hungary ta taɓa zama gagarabadau. A 1953 tawagar Ferenc Puskas ta lallasa Ingila da ci 6-3 a Wembley, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1954, inda Jamus ta Yamma ta doke ta. Rabonta da gasar tun 1986, shekara 14 kafin a haifi Szoboszlai a garin Szekesfehervar.

Bayan da Viktor Orban ya koma kan mulki a 2010, gwamnatinsa ta zuba maƙudan kuɗi a harkar, musamman ta hanyar dokar da ta bai wa kamfanoni damar karkatar da wani kaso na harajinsu zuwa ƙungiyoyin wasanni. An gina sababbin filaye, har da wanda ke Felcsut, ƙauyen da Orban ya tashi, mai ɗaukar mutanen da suka fi mazauna ƙauyen yawa. Masu suka sun daɗe suna tambayar me aka samu a madadin kuɗin.

Abin lura shi ne, ɗan wasan da ƙasar ke tinƙaho da shi bai fito daga wannan tsari ba. Mahaifinsa Zsolt ne ya horar da shi a wata ƙaramar makarantar ƙwallo da ya kafa tare da wasu, kana ya wuce Salzburg ta Austriya tun yana matashi. Daga nan sai Leipzig a 2021, inda ya ci Kofin Jamus sau biyu, sannan Liverpool ta biya fam miliyan 60 a 2023, ta kuma ba shi riga mai lamba 8 da Steven Gerrard ya saka.

A gida, ƙwallon da ya zura wa Iceland ana daf da tashi a Nuwamban 2020 ce ta kai Hungary gasar Turai, kodayake rauni ya hana shi buga ta. Yana ɗan shekara 22 aka ba shi kyaftin.

Sai dai nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A Nuwamban 2025 Ireland ta doke Hungary da ci 3-2 a Budapest, da ƙwallon da ta shiga ana shirin busa tashi, kuma da ita damar zuwa Kofin Duniya na 2026 ta kuɓuce.