Gidajen Wankan Zafi na Jamus da Al'adar Tuɓe Tufafi

A ƙasar Jamus da maƙwabtanta irin su Ostiriya da Holan akwai gidajen wanka da hutawa waɗanda ƙa'idarsu ita ce mai shiga ɗakin zafi ya tuɓe tufafinsa gaba ɗaya, kuma galibi maza da mata ne a ɗaki guda. Kunnen Bahaushe zai ji wannan a matsayin rashin kunya tsantsa, amma a can tsohuwar al'ada ce da ta samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika birane da hayaƙi da cunkoso, tarin fuka kuma ya addabi jama'a, har wasu suka fara kiran a koma ga rana da iska da ruwa. Daga nan aka sami abin da Jamusawa ke taƙaitawa da FKK, wato al'adar barin jiki a sake, wadda ta sami bakin teku na farko da hukuma ta amince da shi a tsibirin Sylt a 1920, ta kuma yi ƙarfi sosai a Jamus ta Gabas zamanin kwaminisanci.

Fitaccen misali shi ne Friedrichsbad da ke garin Baden-Baden, wanda aka buɗe a 1877 kusa da kufan wuraren wankan Rumawa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafin da ya kai kusan digiri 68. Mai wanka yana bin matakai 17 a jere, yana farawa da wanke jiki, ya wuce ɗakunan busasshiyar iska mai zafi, sannan ɗakunan tururi da tafkuna masu ɗumi, ya tsunduma cikin ruwan sanyi, daga ƙarshe ya kwanta a ɗakin hutu. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya garin cikin garuruwan wanka 11 na Turai da ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya.

A sauran gidajen, abin da ya fi jan mutane shi ne sauna, wato ɗakin katako da ake zafafawa zuwa digiri 80 ko fiye, wanda ya yi kama da siracen Hausawa sai dai mutum ne ke shiga ciki dungurungum. Dokokinsa masu tsauri ne, domin dole a shimfiɗa tawul ƙarƙashin jiki har ƙafafu don kada gumi ya taɓa katako, an hana ɗaukar hoto, kuma zura wa wani ido babban laifi ne da kan sa a kori mutum. Hujjar masu gidajen ita ce kayan iyo na roba suna riƙe gumi da sinadarin tafki, hujjar da ba kowa ta gamsar ba, tunda zanen auduga zai iya magance matsalar, kamar yadda ake yi a hammam, wato gidajen wanka na Turkiyya da Maroko, inda ake raba maza da mata.

Ta fuskar lafiya, binciken da aka fi ambata shi ne wanda aka wallafa a 2015 kan maza 2,315 a yankin Kuopio na Finlan, wanda ya nuna cewa masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako ba su kai masu shiga sau ɗaya mutuwa da ciwon zuciya ba, ko da yake irin wannan bincike alaƙa yake nunawa ba sababi ba. Amfanin yana cikin zafi da sanyi da hutu, tsiraicin bai ƙara masa komai ba, don haka mai kiyaye al'aura bai yi asarar komai ba idan ya rufe jikinsa. Mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu kuwa sai da shawarar likita.

Ya kamata ɗalibi ko majinyacin da ya je Jamus ya tambayi ƙa'idar gida kafin ya sayi tikiti, domin gidaje da yawa suna ware ranar mata zalla, kuma a yawancinsu ɓangaren tafkunan iyo daban yake, ana shigarsa da tufafi.