Tiyatar huji: yadda ake kare majinyaci daga ƙunar lantarki da ido ba ya gani

A 'yan shekarun nan, manyan asibitocin koyarwa a Najeriya sun ƙara rungumar wani nau'in tiyata da ba a tsaga ciki, wanda likitoci ke kira laparoskofi, jama'a kuma ke kira tiyatar huji. Likita kan yi huji uku ko huɗu, kowanne bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, ya hura iskar kabon dayokzaid domin cikin ya buɗe, sannan ya zura kyamara da dogayen kayan aiki yana kallon abin da yake yi a allo. Da wannan hanya ake cire matsarmama da afendis, ake kuma binciken matsalolin mahaifa da na rashin haihuwa. Likitan Jamus Erich Mühe ne ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a shekarar 1985.

Amfaninta a bayyane yake: ciwo kaɗan, tabo ƙarami, sallama da wuri. Mazaunin Gwallaga ko Wunti a birnin Bauchi da aka yi wa irin wannan aiki yana iya kwana a gidansa bayan kwana ɗaya ko biyu. Sai dai wannan saurin sallama shi ne ya sa ya wajaba majinyaci da iyalansa su san wani haɗari da ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru yana iya cin rai: ƙunar lantarki a cikin ciki.

Na'urar da ake yanka nama da tsayar da jini da ita, wadda ma'aikatan ɗakin tiyata ke kira dayatami, ba sabuwa ba ce. Masanin kimiyya William Bovie ne ya ƙera ta, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing kuma ya fara aiki da ita a birnin Boston na Amurka a shekarar 1926. Wutar da muke sha a gidaje tana juyawa sau 50 a daƙiƙa guda, shi ya sa take fizgar mutum. Wannan na'ura kuwa tana ɗaga juyawar zuwa sau dubu ɗari uku ko fiye, inda jijiyoyi da tsoka ba sa amsa ta. Abin da ya rage shi ne zafi. Idan wutar ta taru a ɗan tsinin ƙarfe, sai ta yanka ko ta daskarar da jini. Daga nan ta ratsa jikin majinyacin, ta fita ta wani faffaɗan manne da ake liƙa masa, galibi a cinya, ta koma cikin na'urar.

Ke nan jikin majinyaci yana cikin hanyar wutar. Wuta kuwa ba ta san niyyar likita ba, duk inda ta samu mafi sauƙin hanya nan take bi.

A tiyatar da aka buɗe ciki, likita yana ganin kayan aikinsa daga hannu har tsini. A tiyatar huji, kyamara tana nuna masa tsinin ne da ɗan abin da ke kewaye. Sauran tsawon sandar, wadda kan haura santimita 30, tana kwance a tsakanin hanji ba tare da kowa yana kallonta ba. An lulluɓe sandar da rufin roba domin kada wuta ta fita ta gefe, amma rufin yana tsufa. Yawan wanki, da dafawa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, da gogar bakin bututun da ake zura ta ciki, suna haifar da tsaga. Abin mamaki, ƙaramar tsaga ta fi babba haɗari, domin ido ba ya kama ta, kuma wutar da ke fita ta wurin a tattare take, saboda haka ta fi zafi.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wuyar fahimta, wadda ke faruwa ko da rufin lafiyarsa ƙalau. Wuta mai saurin juyawa tana iya haifar da wata wutar a jikin ƙarfen da ke maƙwabtaka da ita, duk da akwai roba a tsakaninsu. Idan bututun da ke cikin hujin ƙarfe ne zalla, wannan wuta kan watse ta fatar ciki ba tare da illa ba. Idan kuwa an haɗa bututun ƙarfe da mariƙin roba, an toshe mata hanyar watsewa, sai ta taru ta yi tsalle zuwa hanjin da ke kusa. Shi ya sa masana ke hana gauraya ƙarfe da roba a bututu guda. Haɗarin yana ƙaruwa idan an ɗaga ƙarfin na'urar, ko an daɗe ana taka ta, ko an kunna ta alhali tsinin bai taɓa nama ba.

Sauran hanyoyin sun fi sauƙin ganewa. Tsinin da ke ɗauke da wuta yana iya taɓa wani ƙarfen, kamar sandar kyamara. Tsinin da aka gama aiki da shi yana riƙe zafi na ɗan lokaci. Mannen cinya kuma, idan ya ɗage ko an liƙa shi a kan gashi, ko ƙashi, ko tsohon tabo, yana ƙona fata.

Matakan kariya ba su da tsada kamar yadda ake zato. Na farko shi ne a duba rufin kowace sanda kafin aiki da bayansa, da na'urar gwaji idan akwai, domin duban ido kaɗai ba ya wadatarwa. Likita ya yi aiki da mafi ƙarancin ƙarfin da zai biya buƙata, ya riƙa takawa a gajarce, kuma kada ya taka sai yana ganin tsinin a allo. Idan na'ura ta ƙi ci, ƙa'ida ita ce a bincika wayoyi da manne kafin a ƙara mata ƙarfi, domin sau da yawa rashin cin alama ce cewa wutar tana zuba a wani wuri. Akwai kuma hantsaki mai baki biyu wanda wutar ke shiga ta ɗaya ta fita ta ɗayan ba tare da ta ratsa jiki ba, shi ya fi dacewa a kusa da hanji da bututun fitsari. Sababbin na'urori suna kashe kansu da zarar manne ya ɗage.

A nan ne halin da asibitocinmu ke ciki ya shigo. Kayan tiyatar huji daga waje ake sayo su, da kuɗin waje, kuma jarabar maimaita abin da aka ƙera domin amfani sau ɗaya tana da ƙarfi a duk inda kuɗi suka yi ƙaranci. Ana iya fahimtar uzurin, amma kuɗin sanda guda bai kai na tiyata ta biyu da kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman ba. Haka nan horon bai kamata ya tsaya kan likita ba. Ma'aikaciyar jinya da ke liƙa manne, da mai wanke kaya, da injiniyan da ke duba na'ura bayan an sha ɗauke wuta ana komawa janareta, kowannensu yana riƙe da wani ɓangare na tsaron. Ƙungiyar likitocin tiyatar ciki ta Amurka, SAGES, sai da ta ware manhaja ta musamman mai suna FUSE kan wannan fanni kaɗai. Jerin tambayoyin tsaro na ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 shi ma ya tanadi a tabbatar da lafiyar kayan aiki kafin a fara yanka.

Majinyaci ma yana da nasa. Ya sanar da likita idan yana da na'urar daidaita bugun zuciya, ko ƙarfen da aka sa masa bayan karaya. A cire zobe, da 'yan kunne, da awarwaro, da duk wata laya ko guru mai ƙarfe a ciki.

Babban abin da ya kamata iyali su riƙe shi ne cewa ƙunar hanji ba ta nuna kanta nan take. Wurin da ya ƙone yana mutuwa ne a hankali, sai bayan kwanaki, wani lokaci fiye da mako guda, ya huje, abin da ke cikin hanji ya zuba a ciki. A lokacin majinyacin yana gida, 'yan dubiya sun riga sun yi masa barka. Bayan tiyatar huji, kowace rana ya kamata ta fi jiya sauƙi. Ɗan ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu saboda iskar da aka hura ba abin tsoro ba ne. Amma idan ciwon ciki yana ƙaruwa, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zazzaɓi da amai da bugun zuciya da sauri suka taso, ba lokacin zuwa kemis neman maganin maleriya ko na kashe zafi ba ne. A mayar da shi inda aka yi aikin, ko sashen gaggawa na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ga mazauna Bauchi, ko da tsakar dare ne, a tafi da takardar sallama, a kuma faɗa wa likitan da ke bakin aiki ranar da aka yi tiyatar da irin aikin da aka yi.