Me Ya Sa Miya Ke Zuba Idan Kin Tsaya Farat Ɗaya?

 Yau zancen kimiyya za mu yi, amma kada ki ce ba da ke ake ba, don a tsakar gidanki za mu fara.

Kin ɗauko kwanon miya daga madafa kina sauri, sai yaro ya gifta, kika tsaya cak. Ke kin tsaya, kwano ya tsaya, amma miyar sai ta fantsamo gaba. Me ya jawo? Ai kwanon kika riƙe, ba miyar ba. Ita tana cikin tafiya, babu abin da ya tare ta, sai ta ci gaba abinta.

Masana sun ce duk abin da ke ajiye ba ya motsawa sai an tura shi ko an ja shi. Wanda ke tafiya kuma ba ya tsayawa, ba ya karkata, sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani mai kama da wannan. Daga baya Isaac Newton, mutumin Ingila, ya rubuta shi a 1687 a matsayin dokar motsi ta farko.

Za ki ce, to ƙwallon da yara suka buga fa, ai da kanta take tsayawa. A'a, gugar ƙasa da iska ne ke rage mata gudu kaɗan-kaɗan. Shi ya sa in ruwan sabulu ya zube a siminti ake santsi, don gugar ta ragu.

To, ga inda zancen ya shafe ki sosai. Ranar da kika fita asibiti ko biki, mota ita ce kwanon, ke da yaranki ku ne miyar. In motar na gudun kilomita 50 a awa ɗaya, jikinku ma gudun da yake yi ke nan, ko da kuna zaune. In ta yi karo ta tsaya, ku ba ku tsaya ba. Bugun da mutum zai sha kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato wajen bene hawa uku. In gudun ya ninka biyu kuwa, bugun sau huɗu yake ninkawa.

Saboda haka komai ƙarfin hannunki, ba zai riƙe jaririn da ke cinyarki ba a irin wannan lokaci. Kada ki zauna da yaro a gaban mota, ku koma baya. Ki ɗaura bel, amma kada ki haɗa ke da yaro a bel ɗaya, don nauyinki zai danne shi. In da hali, maigida ya sayo kujerar jarirai ta mota. A cikin a-daidaita-sahu, ki sa yara a tsakiya, don in an sha kwana jiki waje yake nufa. In direba na tsala gudu, ki ce, "Malam, don Allah a rage." Babu rashin kunya a ciki.

Rigakafi dai ya fi magani.