Tarawa da Ninkawa: Kishiyoyin da Ba Su Jituwa

Ya 'yan'uwana ɗalibai, duk mai awon hatsi a kasuwar Talata Mafara, da manomin Bakura ko Maradun mai ƙirga buhunansa, da tarawa da ninkawa suke aiki. Amma kun san akwai wata tambaya a kansu da ta daɗe tana ba masana lissafi wuya?

Mu ɗauki lambobi huɗu: 1, 2, 3, 4. A tara kowace da kowace, har da kanta. Amsoshi 7 kawai za a samu, daga 2 zuwa 8, domin suna maimaituwa. In kuwa aka ninka su, sai a sami 9: 1, 2, 3, 4, 6, 8, 9, 12, 16. To, mu sake ɗaukar 1, 2, 4, 8. Nan sai abin ya juye: ninkawa ta ba da 7, tarawa ta ba da 10.

Dalili shi ne, tarawa tana ƙanƙancewa idan tazarar lambobi iri ɗaya ce, ninkawa kuwa sai idan kowace lamba ninkin ta bayanta ce. Jeri ɗaya ba ya iya bin ƙa'idojin nan biyu gaba ɗaya.

A 1983 wasu masana biyu 'yan ƙasar Hangari, Paul Erdos da Endre Szemeredi, suka tabbatar cewa in lambobi suka yi yawa, lalle ɗayan biyun ya bunƙasa. Suka kuma yi hasashen cewa ga lambobin ƙirga, bunƙasar takan kusanci yawansu sau yawansu, wato ƙarfi 2. Elekes ya tabbatar da ƙarfi 5/4 a 1997, Solymosi ya kai kusan 4/3 a 2009. Daga nan zuwa 2 da sauran tafiya.

Kada mu ɗauka wannan fage na Turawa ne kaɗai. Tun 1732 Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci kan tsara hatimi, inda jimlar kowane layi take zama ɗaya.

Ga aikin hutu: ku nemo lambobin ƙirga huɗu, daga 1 zuwa sama, waɗanda amsoshin tarawarsu da na ninkawarsu duka ba su kai 9 ba. Ba za ku samu ba. Wanda ya gano dalili, ya kama hanyar malanta. Da ma an ce, da yayyafi kogi kan cika.