Daga Aiken Kasuwa Zuwa Ɗakin Majinyata

Masu sauraronmu da suka tashi a Kano, ko Damagaram, ko Zangon Kumasi, sun san yadda yarinya 'yar shekara bakwai takan ɗauki kwano ta tafi kai niƙa ita kaɗai, ta dawo da canji daidai, ta kuma karɓi ƙanenta ta goya. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Ingila kuwa sukan yi mamakin abin da suka tarar: yaro mai irin waɗannan shekaru ba ya ƙetare titi sai an riƙe masa hannu. Da yawa suna zaton haka Turawa suke tun fil azal. To, ba haka ba ne. Canji ne da ya auku cikin zamani ɗaya, ya kuma zo tare da wani canjin a yadda ake horar da masu aikin jinya.

A shekarar 1990 wani masani mai suna Mayer Hillman da abokan aikinsa suka sake wani bincike da aka taɓa yi a 1971 a wasu makarantun Ingila. Sun gano cewa a 1971 kashi 80 cikin 100 na yara 'yan shekara bakwai da takwas su kaɗai suke zuwa makaranta, ba tare da babba ba. A 1990 kuwa kashi 9 ne kawai. Babban dalilin da iyaye suka bayar shi ne tsoron mota, sai kuma tsoron miyagun mutane. Binciken ya haɗa da Jamus, inda aka tarar yaran can sun fi sakewa ƙwarai. Da aka maimaita shi a 2010, al'amarin bai koma yadda yake a da ba. Hillman ya jawo hankali ga wani abu mai muhimmanci: ko da yake yawan yaran da mota ke kashewa ya ragu, wannan bai nuna cewa tituna sun yi lafiya ba, domin janye yaran aka yi daga titunan. Bugu da ƙari, duk uwar da ta ɗauki ɗanta a mota saboda tsoron mota, ta ƙara mota ɗaya ke nan a ƙofar makaranta.

Yanzu bari mu dubi yarinyar da ta yi ƙuruciyarta a wancan zamani na sakewa, ta kai shekara goma sha takwas, ta shiga koyon jinya. Tsarin da ta tarar ya samo asali ne daga makarantar da Florence Nightingale ta kafa a asibitin St Thomas na Landan a 1860, watau koyo ta hanyar yin aikin, kamar yaron maƙeri a maƙera. Ɗaliba takan zauna a gidan nas-nas na asibiti ƙarƙashin kulawar wata sista, da ƙa'idar lokacin rufe ƙofa da dare, kuma a asibitoci da dama aure yakan kawo ƙarshen karatun. Amma a ɗakin majinyata ma'aikaciya ce sosai: ana biyanta albashi, ana lissafa ta cikin masu aiki, sau da yawa kuma akan bar mata ɗaki guda da dare tun ba ta gama koyo ba. A wannan makaranta ce Kofoworola Abeni Pratt ta Nijeriya ta fara karatu a 1946, wadda daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasarta.

Tsarin nan ya fitar da gwanaye, amma yana da illa. Asibiti yakan fifita bukatarsa ta masu aiki a kan bukatar ɗaliba ta ilimi, majinyaci kuma yakan kwana a hannun wadda ba ta ƙware ba. Saboda haka daga 1989 aka fara mayar da horon zuwa kwalejoji da jami'o'i, kuma tun 2013 duk mai shiga wannan karatu a Ingila sai ya yi digiri. Karatun yakan ɗauki shekara uku, sa'o'i 4,600, rabi a aji, rabi a aikace. Ba a lissafa ɗalibi cikin ma'aikata. Ƙwararre ne ke sa masa ido, kuma yakan gwada hannunsa a kan mutum-mutumin roba kafin ya taɓa mai rai.

Ka ga al'amari ya juye ke nan. Kaka ta yi yawo yadda ta so tana ƙarama, aka tsare ta tana budurwa, aka kuma aza mata nauyi da wuri. Jikarta an tsare ta tana ƙarama, tana zaune inda ta ga dama tana ɗaliba, nauyin kuma sai a hankali ake miƙa mata. Amma ranar da ta karɓi takardar shaida, aikin yana nan yadda yake. Da ƙarfe uku na dare numfashin wani dattijo zai canza, kuma ita ce za ta yanke shawarar ko ta tashi likita. Littafi ya koya mata alamun, sai dai natsuwar yin hukunci ba kowa a kusa aba ce da akan tara kaɗan-kaɗan. A 2023 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Peter Gray, sun rubuta cewa raguwar wasa da zirga-zirgar yara su kaɗai tana cikin dalilan ƙaruwar damuwa a tsakanin matasa. Ra'ayi ne da ake muhawara a kansa, amma ya cancanci a saurare shi.

Kada kuma mu yaudari kanmu game da tamu ƙuruciyar. Sakewar da muka samu ta dogara ne a kan unguwar da kowa ya san kowa, inda ake cewa ɗa na kowa ne, maƙwabciya tana iya tsawata maka. Kuma ba duk aike ne tarbiyya ba: yarinyar da talla ta hana zuwa makaranta ba za ta zama nas ba, komai wayonta a kasuwa.

Iyayen da ke zaune a ƙasashen waje, masu burin ganin 'ya'yansu sun zama likitoci ko nas-nas, sukan zuba ƙoƙarinsu duka a kan darasin kimiyya da cin jarrabawa. Wannan daidai ne, amma bai isa ba. Abin da makarantun jinya suka gano yana da amfani a gida: a ba da nauyi daki-daki, mai koyarwa yana kusa, yana ja da baya sannu a hankali. A bi hanyar makaranta tare da yaro har ya san ta, sa'an nan a bar shi ya bi da abokansa. A aike shi kanti, a bar shi ya yi kuskuren canji ya koma ya gyara da kansa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa ya san lokacin da zai sassauta hannu.