Ɗigon Fitsari da Ɗakin Gashi: Ciwon da Mazan Birni ke Ɓoyewa

Sashen Laure na Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata a Kano ya daɗe yana ɗinke matan da haihuwa ta bari da yoyon fitsari. Likitan mata ne kuma, Arnold Kegel na Amurka, ya fito da atisayen matse naman ƙasan mara a 1948. Ba mamaki da ake yi wa abin kallon harkar mata. Amma namiji ma yana da wannan nama, a shimfiɗe daga ƙashin mara zuwa bayan dubura. Shi ke tsuke hanyar fitsari, shi ke taimaka wa gaba ta riƙe jini idan ta miƙe. A hankali maza sun fara leƙa ɗakin gashi saboda shi.

Tsufa na cikin dalilai. Furostat, ƙullutun da ke ƙasan mafitsara, yakan kumbura idan shekaru sun ja, kuma wanda aka yi wa aiki aka cire masa robar fitsari yakan yi makonni fitsari na kufce masa. Wayar hannu ma ta taimaka, don samari na ganin bidiyon atisayen. Sai dai a ganina alwala ce ta fi ingiza mutumin cikin ganuwa. Dattijo zai kama ruwa, ya yi istibra'i, ya ɗaura alwala, yana miƙewa ya ji ɗigo ya sauka a wando. Malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai salisul bauli, amma rangwame ba ya hana wasuwasi. Sai ka ga limamin masallacin unguwa ya fara tura na'ibi gaba, yana cewa gwiwa ce ke damunsa.

Irin wannan ɗigon shi ne ya fi jin magani. Ragowar fitsari ce ke maƙalewa a lanƙwasar bututun fitsari. Ana koya wa mutum ya danna bayan maraina da yatsu ya turo ta gaba, sannan ya matse kamar mai riƙe tusa a cikin jama'a, ba tare da ya ɗauke numfashi ko ya ƙanƙame ciki ba. Ba allura, ba ƙwaya. Naci ne na watanni.

To me ya sa ɗakin bai cika ba? Domin duk abin da ya taɓa ƙasan cibiyar namiji a Kano, basir ne ko sanyi. Daga rumfunan Kasuwar Kurmi zuwa motoci masu lasifika, amsa na nan a kwalba, kuma mai maganin ba zai ce ka tuɓe ba. Likitan gashi kuwa wani lokaci sai ya sa yatsa a dubura ya auna ƙarfin naman. Ka ɗauka ma'aikaciyar 'yar unguwarku ce, sa'ar 'yarka, labule kawai ya raba ku da masu jiran layi. Wa zai dawo? Ga shi kuma yawancin mutane gashi sun san shi ne da karaya da shanyewar ɓarin jiki, irin aikin Asibitin Ƙashi na Dala.

Kada kuma a zuzuta abin fiye da kima. Wani bincike da Grace Dorey ta jagoranta a Ingila kan maza 55 masu raunin gaba ya nuna kashi 40 cikin 100 sun dawo daidai bayan wata 6. Amma babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2011 ya gano cewa, shekara guda bayan aikin furostat, waɗanda aka horar ɗaya bayan ɗaya ba su fi waɗanda aka ba shawara kawai iya riƙe fitsari ba. Raunin gaba da ciwon suga ko hawan jini ya jawo kuwa, matsi kaɗai ba ya kawar da shi.

Akwai ma wanda atisayen ke cutarwa. Tela ko direban A Daidaita Sahu da ke wuni a zaune, yana jin zogi tsakanin maraina da dubura, sau da yawa naman nasa a ɗaure yake tamau. Sassautawa yake buƙata. Ya bi bidiyo ya ƙara matsewa, ciwo ya ƙaru. Wanda kuma ya ga jini a fitsari, ko fitsarin na fita da ƙyar, ba gashi ne farkon zangonsa ba: yana iya zama tsargiya, ko tsukewar bututu, ko daji. Wannan sai Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam ko na Malam Aminu Kano.

Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi, saboda haka ba hannu aka rasa ba. Abin da ya rage ƙarami ne: ɗaki mai ƙofa, namiji ya duba namiji, sannan likitan mafitsara ya rubuta wa mutum takardar zuwa gashi tun kafin a sallame shi daga gado.