Wanke Jeri da Sake Amfani da Shi a Cikin Zagayen Umarnin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjojin da ke nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa sun shigo Hausa ne ta hanyar Kanuri. Manazarci a Maiduguri, inda harsunan biyu ke cuɗanya kullum, yana iya sa kwamfuta ta tsamo masa irin waɗannan kalmomi daga matani masu yawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani kuskure da kan ɓata sakamakon wannan aiki a harshen kwamfuta na Python.

2.0 Tushen Matsala

Zagaye shi ne umarnin da ke sa na'ura ta maimaita aiki guda a kan abubuwa da dama, ɗaya bayan ɗaya. A misali, a ce matani uku ne. A kowane zagaye na'ura za ta tara kalmomin aro a ƙaramin jeri, ta saka shi cikin babban jeri da umarnin append, sannan ta wanke shi da umarnin clear, wanda aka ƙara wa jerin Python a 2012. A ƙarshe sai a tarar da gurabe uku wayam. Idan kuwa a farkon zagaye ake wankewa, gurbi ukun duk za su ɗauki kalmomin matani na ƙarshe.

Dalili shi ne, append ba ya kwafe jeri, nuni kawai yake yi zuwa gare shi. Kamar allon almajiri ne a tsangaya: allon ɗaya ne, da zarar an wanke shi, darasin jiya ya tafi, sai fa in an kwafe shi a takarda.

3.0 Mafita

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a ƙirƙiri sabon jeri a farkon kowane zagaye. Ta biyu, a adana kwafin jerin da umarnin copy kafin a wanke shi.

4.0 Kammalawa

Nau'i na biyu na kuskuren ya fi haɗari, domin na'ura ba ta yin gargaɗi, kuma alƙaluman sukan yi kama da na gaskiya. Saboda haka ya kamata manazarci ya fara gwada umarninsa a kan gajerun matani biyu da ya riga ya ƙirga kalmominsu da hannu.